Wa ke binciken kwamfutar da ke biyan albashi? Sharhi kan aikin oditan fasaha da masu kula da haɗarinta

A watan Fabrairu na shekarar 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayyar Najeriya ta sanar da cewa ta cire sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashin gwamnati, bayan an gwada jerin da lambar banki ta BVN, kuma hakan ya rage kusan naira biliyan 2.29 daga albashin wata guda. Hankalin jama'a ya tafi ga yawan ma'aikatan bogin da girman kuɗin, amma duk wanda ke son a toshe irin wannan ɓaraka dole ya koma ga wasu tambayoyi da ba su cika fitowa a kanun labarai ba: wa ke da izinin ƙara suna a jerin, wa ya kamata ya amince kafin sunan ya zauna, kuma ina aka ajiye shaidar cewa an bi wannan ƙa'ida? Kwamfuta ba ta san rayayye da mamaci ba, duk sunan da ta tarar a jeri za ta biya shi a ƙarshen wata, kuma za ta ci gaba da biya shekara da shekaru ba tare da ta gaji ko ta yi shakka ba. Waɗanda ke cin abinci da irin waɗannan tambayoyi su ne oditocin fasahar bayanai, tare da abokan aikinsu masu kula da haɗarin da ke tattare da dogaro da na'ura.

Sana'ar ta girmi intanet. A shekarar 1969 wasu masu binciken asusu a Amurka, waɗanda suka ga littattafan kamfanoni suna komawa cikin manyan kwamfutoci, suka kafa ƙungiyar da a yau ake kira ISACA. Bayan shekara huɗu, a 1973, asirin kamfanin inshora na Equity Funding da ke Los Angeles ya tonu: an ƙirƙiri takardun inshorar rai na bogi fiye da 60,000 a cikin kwamfuta, ana sayar da su ga wasu kamfanonin, alhali masu binciken asusun kamfanin suna karɓar abin da na'ura ta buga musu suna sa hannu. Wani tsohon ma'aikaci ne ya fallasa lamarin, binciken shekara-shekara bai gano komai ba. A 1978 ƙungiyar ISACA ta fara ba da CISA, takardar shaidar ƙwarewa a binciken fasahar bayanai, wadda har yanzu ita ce aka fi nema a wannan fage. Sai kuma durƙushewar manyan kamfanonin Amurka biyu, Enron a 2001 da WorldCom a 2002, wadda ta haifar da dokar Sarbanes-Oxley ta 2002. Sashe na 404 na dokar ya wajabta wa shugabannin kamfanonin da ke kasuwar hannun jari su tabbatar da ingancin matakan kariya da ke bayan alƙaluman da suke wallafawa. Tun da alƙaluman daga manhaja suke fitowa, sai binciken manhajar ya zama wajibi, kuma manyan kamfanonin bincike huɗu na duniya, wato Deloitte da PwC da EY da KPMG, suka faɗaɗa sassan da ke wannan aiki.

Ya kamata a ga aikin daga kusa, domin mutane da yawa suna zaton oditan fasaha ɗan kutse ne da aka ba lasisi. Mafi yawan aikinsa bai kai haka armashi ba. Ga misali: matashiyar odita da ta shiga banki za ta nemi sashen kula da ma'aikata ya ba ta jerin duk waɗanda suka bar aiki a cikin shekarar, da ranar da kowa ya tafi, sannan ta nemi sashen kwamfuta ya fitar mata da jerin duk asusun shiga da ke raye a babbar manhajar bankin, kuma ta tsaya a kan mai fitar da jerin ta ga yadda ya fitar da shi, don kada a tace shi kafin ya iso hannunta. Daga nan ta jera su biyun a Excel tana gwadawa. Idan ta sami mutumin da ya ajiye aiki a watan Maris amma asusunsa yana nan a buɗe har Agusta, ta sami ɓaraka. Idan kuma rajistar na'ura ta nuna an shiga da asusun a watan Yuni, magana ta canza, domin wani ne ke amfani da sunan wanda ba ya nan. Haka za ta bi waɗanda aka sauya wa sashe, domin abin da aka saba gani shi ne a ƙara wa ma'aikaci sabon izini a manta ba a janye tsohon ba, har a wayi gari mutum guda yana iya shigar da biyan kuɗi kuma ya amince da shi da kansa. Wannan daidai yake da a damƙa wa mai riƙe da makullin sito aikin ƙirga buhunan da ke ciki, sannan a karɓi lissafinsa a matsayin hujja.

Fanni na biyu da ake yawan dubawa shi ne yadda ake sauya manhaja, kuma babu misalin da ya fi na kamfanin Knight Capital nuna dalilin hakan. A ranar 1 ga Agusta 2012 wannan kamfani na hada-hadar hannun jari a Amurka ya yi asarar fiye da dala miliyan 400 cikin kusan minti 45. Binciken hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ƙasar ya gano cewa injiniyan da ya ɗora sabuwar manhaja ya ɗora ta a kan bakwai daga cikin manyan kwamfutoci takwas, ya tsallake ɗaya, kuma kamfanin ba shi da ƙa'idar da ta ce wani injiniya na biyu ya duba aikin. Da kasuwa ta buɗe, sai kwamfuta ta takwas ta tayar da wani tsohon umarni da aka daɗe da daina amfani da shi, ta shiga sayen hannun jari ba ƙaƙƙautawa. Kafin kasuwa ta buɗe ma, na'urar ta aika saƙonnin imel 97 masu nuna akwai matsala, amma ba a tsara su a matsayin gargaɗi ba, babu kuma wanda ya ɗauki mataki. Saboda irin wannan ne odita ke zaɓar wasu daga cikin sauye-sauyen da aka yi a shekara, sau da yawa guda 25 idan aikin na kullum ne, ya bi kowanne yana tambaya: wa ya nemi sauyin, an gwada shi a wurin gwaji kafin a kai shi ga abokan ciniki, wa ya sa hannu, kuma shin wanda ya rubuta manhajar shi ne ya ɗora ta? Sauran fannonin, kamar kwafin ajiya da shirin farfaɗowa bayan gobara ko kutse, duk a kan hanya ɗaya ake binsu. Ba a karɓar "muna yi" a matsayin amsa. Sai an nuna ranar ƙarshe da aka dawo da bayanai daga kwafin aka ga sun dawo cif, domin a wannan aiki gani ya kori ji.

Ana yawan haɗa bincike da kula da haɗari a talla guda ta neman ma'aikata, amma kujerunsu daban ne, kuma wanda zai zaɓi sana'a ya kamata ya san bambancin. Cibiyar oditocin cikin gida ta duniya, IIA, wadda aka kafa a 1941, ta yaɗa tsarin da ke raba alhaki gida uku, ta kuma sabunta shi a 2020. Sahu na farko su ne masu gudanar da aikin, wato sashen kwamfuta da sassan kasuwanci, kuma su ne masu haɗarin. Sahu na biyu su ne masu kula da haɗari: su ke tsara ma'auni, su riƙe rajistar haɗurra, su zauna da masu aiki tun ana shirin sayen sabuwar manhaja ko ɗaukar ɗan kwangila, su kuma faɗa wa shugabanni abin da zai iya faruwa, yiwuwarsa, da abin da zai ci idan ya faru. Sahu na uku su ne oditoci, waɗanda ba sa gina komai kuma ba sa gyara komai, domin ranar da odita ya tsara wani matakin kariya da hannunsa, ya rasa damar yin hukunci a kansa. Mai kula da haɗari yana kallon gaba yana ciniki da masu aiki kan abin da za a iya jurewa; odita yana kallon abin da aka riga aka yi yana neman shaida. Wanda ke son a dama da shi tun daga farkon shiri zai fi jin daɗin sahu na biyu, wanda kuma zai iya jure a ɗan yi shiru idan ya shigo ofis zai iya zama a na uku.

Aikin mai kula da haɗari ya ƙara nauyi ne saboda ma'aikatu sun daina mallakar yawancin abin da suke dogaro da shi. Bayanai suna ajiye a kwamfutocin Amazon ko Microsoft ko Google, manhajar biyan kuɗi ta wani kamfani ce, layin sadarwa na wani ne. A ranar 19 ga Yuli 2024 wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu amfani da Windows, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage ayyuka, alhali babu ɗan kutse ko ɗaya a cikin lamarin. A Birtaniya, bankin TSB ya kwashe bayanan abokan cinikinsa zuwa sabon tsari a Afrilu 2018, aikin ya ci tura, mutane kusan miliyan 1.9 suka rasa damar shiga asusunsu, shugaban bankin ya sauka, kuma a Disamba 2022 hukumomi suka ci bankin tarar kusan fam miliyan 48.65. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a farkon 2023, lokacin da ƙarancin takardun naira ya tura kowa ga tura kuɗi ta waya, manhajojin bankuna suka riƙa kasa ɗaukar nauyin, mai shayi da mai kayan miya suna jiran saƙon shigar kuɗi da ba ya zuwa. Tambayar ko tsarin zai iya ɗaukar ninkin cinikin da ya saba ɗauka tambaya ce da ya kamata ta kasance a rajistar haɗurra tun kafin ranar ta zo.

Buƙatar ma'aikata a wannan fage a yankinmu doka ce ta fi haifar da ita. Babban Bankin Najeriya ya fitar da tsarin tsaron intanet bisa ma'aunin haɗari a 2018, ya fara aiki a Janairu 2019, inda ya wajabta wa bankuna naɗa babban jami'in tsaron bayanai da kuma kai rahoto a kai a kai, an kuma sabunta shi a 2024. Hukumar bunƙasa fasahar bayanai ta Najeriya, NITDA, ta fitar da ƙa'idar kare bayanan jama'a a 2019, sannan a Yuni 2023 aka sa hannu kan cikakkiyar dokar kare bayanai da ta kafa hukumar NDPC, wadda ke ba wasu kamfanoni lasisin binciken yadda ma'aikatu ke riƙe bayanan mutane. Ghana tana da dokar kare bayanai tun 2012, babban bankinta kuma ya fitar da umarnin tsaron bayanai a 2018. Nijar ma ta yi tata dokar a 2017. Idan aka haɗa da ma'aunan ƙasa da ƙasa irin su ISO 27001 na tsaron bayanai da PCI DSS na masu hulɗa da katin banki, za a ga dalilin da ya sa bankuna da kamfanonin waya da sabbin kamfanonin biyan kuɗi ta manhaja ke neman waɗannan mutane. Gaskiya ne mafi yawan kujerun suna Legas da Abuja, inda hedkwatoci suke kuma inda ISACA ke da rassa, amma gwamnatocin jihohi da ke biyan albashi da karɓar haraji ta na'ura, da bankunan talakawa, da asibitoci da jami'o'i a Kano da Kaduna da Sakkwato, duk suna da irin wannan buƙata, ko da yake da yawansu ba su buɗe gurbinta ba tukuna. A ganina ofisoshin manyan oditoci na jihohi ne suka fi kowa buƙatar wannan ƙwarewa, domin binciken fayil da rasit ba zai kama ɓarnar da aka yi a cikin rumbun bayanai ba.

Ta ƙofa biyu ake shiga sana'ar. Akwai waɗanda suka karanta akanta, wasu ma da shaidar ƙungiyoyin akantoci na ICAN ko ANAN, waɗanda sun san hujja da tsarin bincike amma injiniya zai iya rufe musu ido da manyan kalmomi. Akwai kuma waɗanda suka karanta kimiyyar kwamfuta, sun san na'ura ciki da bai, amma sukan ɓata mako guda kan wata matsala mai ban sha'awa da ba ta taɓa kuɗi ko bayanan kowa ba, kuma rubuta rahoto yakan yi musu wuya. Na farkon yana buƙatar ya koyi yadda rumbun bayanai da hanyoyin sadarwa ke aiki, ya iya rubuta tambaya da SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, ya ciro bayanai da kansa. Na biyun yana buƙatar ya fahimci yadda kuɗi ke tafiya daga oda zuwa biya zuwa littafin asusu. Jarrabawar CISA tambayoyi 150 ce cikin awa huɗu, ana cin ta da maki 450 a ma'aunin da ya tsaya a 800, amma ba a ba da shaidar sai da ƙwarewar aiki ta shekara biyar, wadda karatun jami'a kan rage wani ɓangare nata. Masu son ɓangaren haɗari suna neman CRISC, wadda aka fara a 2010, masu son shugabancin tsaro kuma CISM. Kuɗin jarrabawar ɗaruruwan daloli ne, kuma faɗuwar darajar naira ta mai da shi babban nauyi ga matashi. Shi ya sa fara aiki a wurin da ke biya wa ma'aikatansa kuɗin jarrabawa ya fi ɗan ƙarin albashi a wani wurin amfani. Bayan an samu ma ba a huta ba, domin ana buƙatar awa 120 na ƙarin ilimi a duk shekara uku.

Matakin manaja shi ne inda aikin ke sauya kama, kuma nan ne ƙwararru da yawa ke tuntuɓe. Ƙaramin odita yana gwada abin da aka ce ya gwada. Manaja shi ke yanke shawarar abin da za a gwada da abin da za a bari, domin ma'aikata mai manhajoji ɗari biyu da oditoci biyar ba za ta iya duba komai a shekara ba. Shi ke tsara jadawalin shekara bisa inda haɗari ya fi yawa, ya kare jadawalin a gaban kwamitin bincike na daraktoci, ya duba takardun aikin yaransa ya tabbatar kowace magana tana da shaida a bayanta, sannan ya zauna da shugaban sashen kwamfuta, wanda sau da yawa ya girme shi a muƙami da shekaru, ya faɗa masa cewa wannan ɓaraka babba ce kuma haka za a rubuta ta. A wannan zama ake gane manaja. Za a ce masa an riga an gyara, za a roƙe shi ya sassauta kalma ɗaya daga "mai tsanani" zuwa "matsakaici", wani lokaci a tuna masa cewa gida ɗaya ake. A al'adarmu da ke girmama na gaba, wannan yana da wuya ƙwarai, kuma ina ganin hanyar da ta fi dacewa ita ce a riƙe ladabi gaba ɗaya a lafazi, a saurari uzuri, a rubuta martanin sashen a cikin rahoton kamar yadda suka faɗa, amma kada a taɓa ma'aunin sai in an kawo sabuwar hujja. Dole kuma manaja ya iya fassara: daraktoci ba su damu da sunan wata manhaja da ba a sabunta ba, abin da za su ji shi ne cewa mutum goma sha biyu suna iya sauya lambar asusun ɗan kwangila ba tare da kowa ya sani ba.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan sana'a da muhimmanci ya wuce kuɗin kamfanoni. A 1999 Hukumar Gidan Waya ta Birtaniya ta fara amfani da manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu, manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a ƙananan gidajen waya, kuma daga 1999 zuwa 2015 aka gurfanar da fiye da mutum 900 da ke aiki a waɗannan gidajen waya bisa zargin sata ko zamba. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun sayar da gidajensu don cike giɓin da bai wanzu ba, wasu sun mutu kafin a wanke su. Hukumar ta daɗe tana cewa manhajar ba ta da aibi kuma babu mai iya taɓa asusun reshe daga nesa, har sai da babbar kotu ta yanke hukunci a Disamba 2019 cewa manhajar tana da kurakurai kuma ma'aikatan Fujitsu suna iya shiga asusun rassa daga ofishinsu. Wa ke da izini na musamman, kuma ina rajistar abin da ya yi da shi? Wannan tambaya ce da ake koya wa odita a shekararsa ta farko. Yayin da albashi da fansho da tallafin gwamnati da sakamakon jarrabawa ke komawa cikin na'ura a ƙasashenmu, talakan da kwamfuta ta ce ya ci kuɗi ko ta ce ba ya cikin jeri ba shi da hanyar ƙaryata ta, sai in akwai wani mai zaman kansa da aka ba ikon buɗe ta ya duba.

Sana'ar tana da nata cututtukan, kuma mafi muni shi ne bincike ya koma cike fom. Ana iya samun ma'aikatar da ta rataye takardar ISO 27001 a bango, rahotanninta duk kore, amma kalmar sirrin babban asusu tana yawo a WhatsApp tsakanin injiniyoyi. Hakan na faruwa idan odita ya gamsu da ganin takardar manufa bai nemi ganin aiki da ita ba, ko idan kamfanin bincike yana tsoron rasa kwangilar shekara mai zuwa. Kayan aiki suna taimakawa wajen rage wannan: maimakon zaɓar samfuri 25, yanzu ana iya gwada duk cinikin shekara da ƴan layukan SQL ko Python, a fito da kowane biyan kuɗi da aka yi da tsakar dare ko kowane asusun banki da ma'aikata biyu ke karɓar albashi da shi. Shigowar ƙirƙirarriyar basira kuma ta buɗe sabon fage, domin bankin da ya bar manhaja tana yanke shawarar wanda za a ba bashi dole ya iya nuna da waɗanne bayanai aka horar da ita da kuma wa ya amince a yi amfani da ita. Amma kayan aiki ba sa maye gurbin tsarin da ke kare mai bincike. Saboda haka wanda aka kira ganawar ɗaukar aiki a matsayin manajan binciken fasaha, kafin ya tambayi albashi, ya tambayi wa shugaban sashen bincike ke kai wa rahoto, kwamitin daraktoci ko shugaban kamfani, wa ke da ikon sallamar shugaban sashen, kuma daga cikin manyan ɓarakar da aka rubuta bara guda nawa aka rufe a kan lokacin da aka yi alkawari.